Hutun Agusta a tsaunukan Ruwanda: yadda za ka je Kigali da Musanze ka dawo ba ka ci bashi ba

Duk shekara idan makarantu suka ba da dogon hutu a ƙarshen Yuli, hirar majalisa takan koma kan inda za a kai iyali. Masu hali su ce Dubai, wasu su ce Misira. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a Yuli da Agusta Dubai tanderu ce, zafi na haura digiri 40, sai dai mutum ya wuni cikin kantuna yana shan sanyin na'ura, aljihunsa na yoyo. Ni a ganina wanda zai biya kuɗin jirgi gara ya biya don iskar da babu irinta a gida. Shi ya sa nake ba da shawarar Ruwanda, ƙasar da ta ɗan ɗara jihar Kano faɗi kaɗan, amma kusan duk inda ka taka a cikinta tudu ne. Kigali, babban birninta, na bisa tsayin mita kusan 1,500 daga teku, wato ta fi Jos. Musanze kuwa, da ke gindin duwatsu masu aman wuta a arewa, ta kai wajen mita 1,850. Lokacin da muke tsakiyar damina su suna rani, daga Yuni zuwa tsakiyar Satumba, kuma raninsu da rana bai cika wuce digiri 27 ko 28 ba, da dare sai da bargo.

Sai dai Ruwanda ƙasa biyu ce a jiki ɗaya. Akwai wadda aka tsara wa Turawa masu zuwa kallon goggon biri, komai nata da dala ake lissafinsa. Akwai kuma wadda 'yan ƙasa ke rayuwa a ciki, ta bas da acaɓa da shinkafa da wake. Duk dabarar wannan tafiya ita ce ka zauna a ta biyun, ka riƙa leƙa ta farkon ta taga.

Fara da takardu, tun watanni huɗu kafin tafiya

Duba fasfonka yau, kada ka bari sai gobe. Ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida daga ranar da za ka sauka. Idan da yara za ka je, kowanne da nasa, kuma sabunta fasfo abu ne da ba ya son gaggawa.

Biza ita ce babbar garaɓasar wannan tafiya. Mai fasfon kowace ƙasar Afirka, Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru, yana shiga Ruwanda ya yi kwana 30 ba tare da ya biya kuɗin biza ba. Babu layin ofishin jakadanci, babu takardar banki, babu ɗan tsakiya. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya yi maka bizar Ruwanda, to kuɗin cefanensa yake nema. A filin jirgi za a tambaye ka inda za ka sauka da ranar komawarka, don haka ka riƙe shaidar ɗakin da ka kama da tikitin dawowa, a waya da kuma a takarda.

Abin da ba sa ɗaga ƙafa a kansa shi ne katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad. A Najeriya ofishin lafiya na tashoshin shiga da fita ne ke ba da shi, akwai su a filayen jiragen sama. Allurar ba ta fara aiki a idon hukuma sai ta kwana goma, amma sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Ka je da kanka a yi maka allurar gaske. Katin da aka saya a bayan fage yana iya sa ka kwana a filin jirgin wata ƙasa kana ba da haƙuri.

Tikiti, inda rabin kuɗin zai tafi

Ko ma fiye da rabi. Saboda haka nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci. RwandAir na tashi daga Legas zuwa Kigali. Mutumin Kano kuma yana da Ethiopian Airlines da ke ɗauka daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Addis Ababa, a sauya jirgi a can. Ɗan Nijar ma haka zai yi daga Yamai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwatanta farashin tikiti da tikiti kawai. Ka ga na Legas ya fi araha, ka yi murna, ka manta da kuɗin jirgin Kano zuwa Legas, da tasi daga wannan tasha zuwa waccan, da watakila kwanan otal guda, da fargabar jirgin cikin gida ya makara ka rasa na waje. Haɗa duka a takarda, daga ƙofar gidanka zuwa Kigali, sannan ka yanke hukunci. Sau da yawa za ka tarar na Kano ko Abuja da ya yi kamar ya fi tsada shi ne mai sauƙin.

Yuli da Agusta lokacin cunkoso ne, don haka ka sayi tikiti tun Afrilu ko Mayu. Gwada ranaku daban-daban a shafin kamfanin. Matsar da tafiya daga Juma'a zuwa Talata kan sauke farashi. Ka kuma karanta nauyin kayan da tikitin ya ba ka kafin ka biya, don mafi arahar wani lokaci shi ne mafi ƙarancin kilo. Wanda albashi yake jira, hanya mafi sauƙi ita ce ya shiga adashe tun Janairu ya nemi kwasarsa ta faɗo a Afrilu, ta tafi kan tikiti gaba ɗaya.

Kafin ka tsayar da rana, buɗe kalanda ka nemo Asabar ɗin ƙarshen wata. Ranar Umuganda ce, aikin gayya na ƙasa baki ɗaya, kamar tsaftar muhallin da muke yi amma su da gaske suke. Daga safe har wajen ƙarfe 11 shaguna a rufe, motoci a tsaye. Ni na taɓa tsara barin Kigali da sassafe a irin wannan rana, na fito da jaka na tarar da titi fayau, ko acaɓa babu. Zama na yi a bakin masauki har rana ta take.

Kuɗin kashewa

Naira da sefa ba su da kasuwa a can. Sayi dala tun daga gida, a Wapa ko inda ka saba, ka dage a ba ka sababbin takardu na 50 da na 100, masu tsabta, marasa yaga ko rubutu. 'Yan canjin Kigali suna ƙin tsofaffi, ƙananan takardu kuma farashinsu ya fi faɗuwa. A filin jirgi canza abin da zai kai ka masauki kawai, sauran ka bari sai cikin gari. Kuɗinsu faran ne, takarda mafi girma ta 5,000, don haka kada ka tsorata idan an miƙo maka dami.

Washegari ka je da fasfonka ofishin MTN ko Airtel ka yanki layi, ka ce a buɗe maka asusun kuɗi na waya, wanda ake kira MoMo. Kusan kowa a Kigali, har ɗan acaɓa da mai tumatir, da MoMo yake karɓar kuɗi. Yana raba ka da rigimar canji, kuma da dare kana iya duba abin da ka kashe ba tare da ka yaudari kanka ba.

Wajen lissafi, ga abin da nake yi: bayan tikiti, in raba sauran gida huɗu. Kashi biyu na masauki, ɗaya na abinci da zirga-zirga, ɗaya na shiga wurare da tsaraba. Sannan in ware dala ɗari ko biyu a wani aljihun da ba na taɓawa, na ko-ta-kwana.

Haɗa jaka

Babu leda. Tun 2008 Ruwanda ta haramta ta, kuma ana iya karɓe ta a filin jirgi. Mu da komai namu a leda yake, daga takalmi har yaji, sai mun yi da gaske. Zuba yaji da garin kunu a robobi masu murfi, takalma a jakar yadi. Kilishi da dambun nama kuwa bar su a gida, kayan nama na jawo dogon bayani a gaban jami'an kwastan. Ɗauki rigar sanyi mai kauri, safa, rigar ruwa mara nauyi, da takalmin da ke kama ƙasa, domin silifas ba ya hawa tudu. Soket ɗinsu mai ramuka zagayayyu ne irin na Nijar, mutumin Najeriya sai ya sayi adafta. Sauro bai kai namu ba, musamman a Musanze, amma akwai zazzaɓin, ka kwana cikin gidan sauro.

Inda za ka sauka a Kigali

A nan ake gane wanda ya yi tambaya kafin ya taso. Kiyovu, Kimihurura, Kacyiru da Nyarutarama unguwannin manya ne da ofisoshin jakadanci, ɗakinsu da dala. Kai nufi Nyamirambo. Tsohuwar unguwa ce a kudu maso yammacin tsakiyar gari, kuma nan ne cibiyar Musulmin birnin. Da ka shiga za ka ji kamar ka san wurin: teloli a bakin titi, masu aski, mata da hijabi, ƙamshin shinkafa da kayan yaji, shaguna a buɗe har dare alhali sauran birnin ya yi barci. Akwai masallacin nan mai koren fenti da ake kira Al-Fatah, akwai kuma babbar cibiyar Musulunci da mutanen gari ke kira masallacin Gaddafi. Ƙananan masaukai sun yi yawa, kuma ba sai ka yi ta tambayar yadda aka yanka naman da ke gabanka ba. Idan ba ka samu a nan ba, Remera da Kicukiro ma da sauƙi, kuma sun fi kusa da filin jirgi.

Kama kwana biyu kawai ta intanet. Idan ka iso ka ga wurin ya yi maka, zauna da mai gidan ku yi ciniki kan sauran kwanakin kai tsaye, yakan rage tunda babu kason da shafin zai cire. Tambayi abu uku kafin ka biya: ruwan zafi na aiki, akwai karin kumallo a cikin kuɗin, kuma gidan yana saman tudu ne ko gindinsa. Na ukun ba wasa ba ne. A taswira za ka ga masauki na da mita 300 daga babban titi, ka zo ka tarar mita 300 ɗin a tsaye suke kamar tsani. Mai tafiya da iyali ya nemi gida mai kicin; uwargida ta dafa na dare kawai ma an rage kuɗi mai yawa.

Abu biyu game da salla. Mun saba alƙibla gabas take, har kalmar ta zame mana ɗaya, to a Kigali arewa ake fuskanta a ɗan karkata gabas. Sannan saboda dokar hana amo ba lallai ka ji kiran asuba ta lasifika ba, saita agogon wayarka. Ruwanda na gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya.

Ci da yawo

Abincin rana shi ne babban abinci, kuma hanyar araha ita ce gidajen ɗibi-da-kanka da ma'aikata ke cika da tsakar rana. Faranti ɗaya, zubi ɗaya, kuɗi ɗaya: shinkafa, wake, dankalin Hausa da na Turawa, dafaffiyar ayaba, rogo, da miyar ganyen rogo da suke kira isombe. Tunda ba a komawa ƙari, za ka ga yadda 'yan gari ke gina tudu a faranti, kai ma kada ka ji kunya. Nama da yanka ake lissafa shi. Da yamma ka gangara Biryogo, inda aka hana motoci shiga wasu layuka aka jera kujeru, ka ci tsiren akuya da capati ka kora da shayi. Akwai kuma shagunan madara zalla, ka nemi ikivuguto, ɗan'uwan kindirmo ne, kofi guda da burodi ya isa karin kumallo. Za ka ga wata 'yar kwalba kamar ta maganin ido a kan tebur, Akabanga ke nan, man barkono; ɗigo biyu ya isa, kada jarumtar cin yaji ta ruɗe ka.

Kalma biyu ka haddace don ka guje su a wajen Nyamirambo: akabenzi naman alade ne, urwagwa kuma giyar ayaba. Ba a kuma cin abinci ana tafe a titi, abin kunya ne a wurinsu.

Zirga-zirga da bas ta fi komai sauƙi, ka sayi katin Tap&Go ka zuba masa kuɗi. Acaɓa ya fi sauri, kuma nasu na da tsari: fasinja ɗaya tak, hular kwano dole. Ku daidaita kuɗi kafin ka hau. "Ni angahe?" shi ne nawa ne, "murakoze" na gode, "muraho" sannu. Matasa da yawa na jin Turanci, manya Faransanci, a Nyamirambo kuma Swahili na gudana.

Kwana uku sun ishi Kigali. Ba da safiya guda ga wurin tunawa da kisan ƙare dangi na 1994 da ke Gisozi, inda aka binne mutum sama da 250,000. Shiga kyauta ne, sai abin da ka ga dama ka bayar. Akwai ɗakin da ba zan shiga da ƙananan yara ba. Bayan ka fito za ka gane dalilin da ya sa ba a tambayar mutum ƙabilarsa a ƙasar nan. Mu da gaisuwarmu ba ta cika sai an ce "kai ɗan ina ne, wane yare", a nan sai mu kama bakinmu, har da batun siyasa. Sauran lokacin hau Dutsen Kigali da ƙafa daga Nyamirambo ka ga birnin a shimfiɗe bisa tuddai, da dare kuma ka je ka kalli ƙubbar babban zauren taro tana sauya launi. Duk ba ko sisi.

Musanze, inda ya kamata ka fi daɗewa

Je tashar Nyabugogo da safe ka yanki tikitin bas, Virunga Express ko RITCO. Da lokaci suke tashi, ba sai mota ta cika ba. Tafiyar awa biyu da ɗan kai ce, hanya mai kyau amma duk kwana-kwana, mai jin jiri ya zauna gaba kuma kada ya cika ciki. Motar haya ta kanka za ta ci ninkin wannan kuɗi sau da yawa, a kan titi ɗaya, kallo ɗaya.

Idan gari ya waye babu gajimare, daga tsakiyar Musanze za ka ga duwatsun a jere: Muhabura, Gahinga, Sabyinyo mai kai kamar haƙoran tsoho, Bisoke, da babbansu Karisimbi mai mita 4,507. Ƙasar baƙa ce wuluk saboda tsohon aman dutse, dankalin Turawa ko'ina. Da magariba sanyi ke saukowa irin na tsakiyar hunturu, amma babu ƙura, babu fashewar leɓe.

Yanzu maganar goggon biri. Takardar izinin ganinsu dala 1,500 ce ga mutum ɗaya, awa ɗaya za ka yi a gabansu, kuma ba a shiga da wanda bai kai shekara 15 ba. Idan an ce maka akwai rangwame ga 'yan Afirka, tambayi RDB, hukumar da ke ba da izinin, ko ya shafi watannin cunkoso kafin ka sa shi a lissafi. Ni dai shawarata ka bar wa masu shi. Kuɗin awa ɗayan nan ya isa ya riƙe ka kwanaki da yawa a garin.

Mai ƙarfin gwiwa ya hau Bisoke. Izininsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na na birin ba. Tsayinsa mita 3,711, a samansa akwai tafki cikin ramin dutsen, kuma wuni guda ake yi hawa da sauka. Ana hallara a ofishin gandun dajin duwatsun da ke Kinigi, kusa da Musanze, da ƙarfe 7 na safe. Abin da ba a faɗa maka shi ne izinin bai haɗa da motar da za ta kai ka gindin dutsen ba, kuma hanyar sai babbar mota. Tun daren jiya ka tambaya a masauki ko akwai wasu masu zuwa ku raba kuɗin. Ko da rani akwai taɓo, numfashi kuma na yin sama-sama saboda tsayi, mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tun a gida. Ɗauki ɗan dako ko da jakarka ba nauyi. Kuɗin kaɗan ne, kuma shi zai riƙe hannunka a inda santsi ya fi.

Wanda ya zo da iyali ya nufi tagwayen tafkuna, Burera da Ruhondo. Mota ko acaɓa zai kai ku, ku yi ciniki da mai kwalekwale, ku tabbatar akwai rigar kariya ga kowa. Akwai kogunan dutse na Musanze da ake shiga da ɗan rakiya, akwai kuma cibiyar Dian Fossey, marigayiya mai binciken goggon biri, a Kinigi da aka buɗe a 2022, inda yara za su koyi rayuwar birin ba tare da an hau dutse ba. Amma mafi daɗin abin da na yi a garin bai ci kuɗi ba: fita bayan asuba da rigar sanyi, in bi hanyar gonaki ina kallon gajimare na sauka daga kan Sabyinyo.

Idan da sauran kwana biyu, Rubavu na bakin tafkin Kivu, awa ɗaya da 'yan mintuna a bas. Babu kada babu dorina a tafkin, kuma soyayyen ƙananan kifin sambaza ya cancanci tafiyar. Sai dai garin manne yake da Goma ta Kwango, wadda 'yan tawayen M23 suka kama a Janairun 2025. Saurari labarai kafin ka je, kuma kada sha'awa ta sa ka tsallaka iyaka.

Tsaraba da komawa

Tsaraba ita ke kashe Bahaushe a tafiya. Tun a gida rubuta sunayen waɗanda dole ne, ka sa wa kowa iyaka, ka kuma bar sayayya sai ranar ƙarshe, lokacin da ka san abin da ya rage. A kasuwar Kimironko ana ciniki sosai, kuma wanda ya saba Kwari ba a koya masa. Atamfa kada ka saya, ta gida ta fi. Sayi ganyen shayi da gahawa a kantin da 'yan gari ke saye, ba a shagon 'yan yawon buɗe ido ba, da 'yan kwalaben Akabanga, da ƙananan kwandunan agaseke masu murfi mai tsini. Duk ba su da nauyi, kuma kwalin shayi guda ya ishi gida guda.

Koma Kigali kwana ɗaya kafin jirginka, kada ka taso daga Musanze a ranar. Canza ragowar faran ɗinka zuwa dala a cikin gari, ka kuma kwashe abin da ke cikin MoMo, domin babu mai karɓarsu a Wapa. Ka bar masauki awa uku da rabi kafin tashi: tun a ƙofar shiga filin jirgin Kanombe ake tsayar da mota, a sauke kaya duka a jera, karnuka su shinshina, sannan a bar ku ku wuce.